Dokta da Wankan Kaska na Gama-Gari

Duk wanda ya kira shi Dokta a layin nan da tsokana yake yi, shi kaɗai ne bai sani ba. Shekara goma sha takwas ya yi a asibitin dabbobi, wannan kam gaskiya ne, amma aikinsa buɗe ƙofa ne da sharar fili da riƙe ƙafar tunkiya idan za a yi mata allura. Ranar da ya yi ritaya aka bar masa wata tsohuwar farar riga ta likitoci mai yagaggen aljihu, to tun daga ranar bakinsa bai ƙara hutawa ba. Kaza ta yi atishawa a gidan maƙwabci, kafin ta rufe baki ga Dokta nan a ƙofa da farar rigarsa.

Shi kansa ko ɗan tsako bai mallaka ba. Dabba ɗaya ce a gidan, wata jar akuya mai farin goshi, kuma ta matarsa ce. Mahaifiyarta ce ta ba ta ita tana 'yar ƙarama, wata biyu kafin ta rasu, shi ya sa matar ba ta haɗa akuyar nan da komai ba. 'Yar Gata take kiranta, kuma sunan ya bi ta. Sai ta ci ake ci a gidan, idan ta yi tari sau ɗaya matar ba ta da sauran sukuni.

Daminar bana kaska ta sauka a kan 'Yar Gata kamar an aiko ta. Cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato, ko'ina ka duba sun yi cincirindo sun ƙoshi. Shekara biyu ke nan Dokta yana fesa mata magani iri ɗaya. Takardar jikin kwalba ta faɗi ma'auni, amma shi idonsa ne ma'auninsa, yau rabin murfi, gobe ɗigo uku, wai don kada kwalba ta ƙare da wuri. Da farko kaskar na faɗuwa. Daga baya sai ya zama ana fesa musu suna ci gaba da harkar gabansu.

Da safen ranar da abin ya faru, matar ta yafa mayafi za ta dubiyar ƙanwarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo.

"Baban yara, jibi zan kai ta wajen likitar dabbobi. Don girman Allah kada ka taɓa min ita."

"Wace likita? Yarinyar da aka kawo aiki a gabana, ba ta san gaba da bayan sirinji ba?"

"Ita ɗin dai."

"Kina da likita a cikin gida kina neman na waje!"

"Na cikin gidan ne ya yi shekara biyu yana yi wa kaska turare. Na dai faɗa maka, kada ka taɓa ta."

Maganar turaren nan ta ƙona masa rai. Ƙarar rufe ƙofa ba ta gama bajewa ba ya zura farar riga, ya kafa hula, ya nufi shagon magani. A hanya ya gama tsara komai. Tun da magani ɗaya ya gaza, ai sai a haɗa uku. Kuma ba 'Yar Gata ba, ita an hana shi, dabbobin layin gaba ɗaya zai yi wa wanka kyauta a ƙofar gidansa. Kafin matar ta dawo kaska ta ƙare a layin, sunansa ya zagaya gari, ita da kanta za ta kawo akuyar tana roƙo.

Mai shago ya dubi kwalaben da Dokta ya jera a kan kanta, ya ɗaga ɗaya.

"Baba, wannan fa na feshin gona ne, ba a sa wa dabba."

"Na ce maka ba ni da gona ne?"

"Wancan kuma na kaska ne, amma ba a haɗa shi da komai. A karanta takardar, a bi ma'aunin ruwa."

"Takarda ta 'yan koyo ce."

"To ga safar hannu da takunkumi, ka ɗauka."

Dokta ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi a gaban fuskar mai shago. "Ka ga hannun nan? Ya shiga cikin saniya har kafaɗa ya fito lafiya. Riƙe safarka."

Da ya isa gida sai wani tunani ya faɗo masa. Mutanen layin nan akwai sa ido, suna ganin sunayen magungunan za su sace masa haɗin, gobe kowane ɗan koyo ya ce shi ma likita ne. Ya zauna ya ɓare takardun kwalaben uku tsaf da farcensa, ya ninke, ya cusa a cikin hula ya mayar kansa. Sannan ya mirgino rabin duro zuwa ƙofar gida, ya juye duk ruwan da ke gidan a ciki, har da na bokitin shan akuya. Ya tuttule kwalaben, ya naɗe hannun riga, ya shiga gaurayawa da hannunsa. Ruwan ya yi fari fat, wari ya tashi har ƙarshen layi.

Warin ne ma ya yi masa shela. Mai aski, wanda shagonsa ke kallon gidan, shi ya fara fitowa da bencinsa. Su biyun sun fi shekara talatin suna tsokanar juna, kuma Mai aski bai taɓa barin ranar banza ta wuce shi ba.

"Dokta, lafiya? Gawa za a wanke ko fenti za a yi?"

"Kaska za ta bar layin nan yau. Ka zauna ka ga ilimi."

"Ai na zauna. Me ka zuba a ciki?"

"Kai ka taɓa faɗa min abin da kake shafa wa mutane a ƙeya?"

Makanike ya fito daga garejinsa da raguna biyu da kaska ta dame su. Gwaggo, tsohuwar da ke kiwon kaji a gidan kusurwa, ta zo rungume da zakaranta, wai ƙuma ta hana shi sakat. Mata suka leƙo ta kan katanga, masu wucewa suka tsaya. Rana ta take tsaka, Dokta ya gyara wuyan riga ya ce a miƙo na farko.

Babu wanda ya motsa. Makanike ya shinshina duron ya ja da baya.

"Ni fa warin nan har cikin idona. Ka tabbata, Dokta?"

"Sha takwas! Shekara goma sha takwas, kana tambayata ko na tabbata?"

"To ai da sauƙi," in ji Mai aski. "Ga akuya can a gidanka kaska ta cinye ta. Fara da ita mu gani."

Dokta ya fara kame-kame. Ya ce ai akuyar tana hutawa. Mai aski ya ce wane aiki ta yi? Ya ce ba ta son taro. Gwaggo ta ce akuyar da ke bin ta har ɗaki tana cinye mata dusa?

"Ku ƙyale shi," Mai aski ya faɗa yana kallon sama. "An bar masa doka ne kafin a fita. Mu ma muna da mata, mun san yadda abin yake."

Aka kwashe da dariya, har matan kan katanga. Wallahi da Dokta ya haɗiye dariyar nan da an zauna lafiya. Amma ina! Ya faɗa gida fuu, ya fito yana jan 'Yar Gata tana turjewa. Tun safe ba ta sha ruwa ba, ga zafin rana. Yana tsunduma ta a duron, baiwar Allah ta kafa baki ta yi kurɓa biyu masu kyau kafin ya ankara ya ɗago kanta.

"Ta sha fa!" in ji Gwaggo.

"Ya fi. Na ciki ma ya mutu."

Ya fito da ita ya ɗaure a jikin ƙofa tana ɗigar ruwa. Makanike ya ga akuya a tsaye, sai ya saki ragunansa, aka tsoma su ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Saura zakara. Gwaggo ta miƙa shi da hannu biyu tana salati, amma shi zakaran ya fi duk wanda ke wurin hankali. Yana jin warin ya kafta wa Dokta ƙaimi a hannu, ya yi fiffike ya haye gefen duron. Dokta ya kai masa cafka, santsin ruwan da ya zube ya kwashe shi, ya juya sau ɗaya a iska ya zauna daɓas a cikin duro, ƙafafu a sama. Zakara ya tsallake katanga bai waiwayo ba.

Sai da Makanike da Mai aski suka kama shi hannu bibbiyu suka zaro shi. Abin mamaki, hular nan ko gezau ba ta yi ba, don da hannu ɗaya ya danne ta yana faɗuwa.

"Je ka cire kayan nan ka yi wanka," in ji Makanike.

"Da gangan na shiga. Likitan kirki yana gwada maganinsa."

"To kai ma ka rabu da kaska," in ji Mai aski. "Saura na gaba."

Dokta ya tsaya a rana da jiƙaƙƙiyar riga yana yi wa jama'a bayanin yadda kaska ke numfashi. Bai kai ƙarshen bayanin ba wata mata daga kan katanga ta ce a dubi akuya. 'Yar Gata na tsaye ƙafafu a wawware, yawu na zuba daga bakinta kamar an buɗe famfo, fatar jikinta na rawa. Ragunan ma sun fara dalala.

"Alamar magani na aiki ke nan," in ji Dokta. Ya goge bakinsa da hannun riga, ya sake gogewa. "Haka... haka ake so."

"Kai ma aikin yake yi maka? Ga yawu har gemu," in ji Mai aski.

"Zafi ne."

"Hawayen fa?"

"Na ce maka zafi ne! Wai wa ya ga hadarin nan da ya haɗo? Gari ya yi duhu."

Kowa ya ɗaga kai. Ko gajimare ɗaya babu, rana tar. Mai aski ya taso ya leƙa idon abokinsa, ya ga ƙwayar idon ta tsuke ta zama kamar kan allura, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Nan take dariya ta ɗauke daga fuskarsa. Ya zaro waya ya kira likitar dabbobi, ya ce da Makanike ya je ya tada motarsa. Shi kuwa Dokta cikinsa ya murɗa, ya ruga gida dafe da bango, ya dawo, ya sake rugawa.

Gwaggo ta kawo madara a kofi ta ce a ɗura wa akuya, ragowar a ba Dokta. Ana cikin gardamar wa za a fara ba, likitar ta iso a kan babur da jakarta. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana.

"Gwaggo, ajiye madarar nan, ba a ba su komai ta baki. Kowa ya matsa daga duron. A kawo ruwa mai yawa da sabulu, mai wankewa ya sa safa ko ya ɗaura leda a hannu." Ta durƙusa ta buɗe idon akuyar, sannan ta ɗago ta dubi Dokta da ke jingine da ƙofa. "Baba, sannu. Me ka zuba a ruwan nan?"

Ko a wannan hali sai da ya gyara tsayuwa. "Sirrin sana'a ne, 'yata."

Ta ɗauki kwalaben uku ta jujjuya, duk tsirara suke, babu suna babu komai. "Ina takardun?"

"Suna wurin da suke."

A daidai lokacin ƙafafun 'Yar Gata suka lanƙwashe, ta zube a ƙasa tana numfashi da ƙyar.

"Baba," in ji likitar, "idan ban san abin da ta sha ba, lalube zan yi, kuma ba ta da lokacin lalube. Kai ma haka za a tambaye ka a asibiti. Akuyar Mama ce fa."

Dokta ya dubi akuyar. Ya tuna yadda matarsa ke zama kusa da ita da yamma tana shafa farin goshin nan tana yi mata hira kamar mutum. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko da gari ya yi masa duhu. Ya ɗaga hannu zai cire hula, amma ƙarfi ya ƙare masa, ya kasa. Mai aski ya cire masa. Ga takardu uku nan gumi ya manne su a kan sanƙonsa, ɗaya kan ɗaya. Sai da Mai aski ya sa farce ya ɓanɓaro su a hankali, jama'a na kallo.

Likitar ta karanta, ta ce, "Inna lillahi! Har da na gona?" Ta zaro allura ta yi wa akuyar, ta yi wa ragunan, ta sa aka shiga wanke su da sabulu. Motar Makanike kuwa ta ƙi tashi, yana can yana fama da ita.

"Kafin motar ta tashi a tuɓe masa kayan nan a wanke shi tas," in ji ta. "Maganin ta fata yake shiga."

Haka aka yi. Aka zare farar riga aka jefa gefe da sanda, aka bar Dokta daga shi sai gajeren wando, aka zaunar da shi a kan benci a layi ɗaya da raguna. Mai aski ya ɗaura leda a hannu yana cuɗa shi, wani na kwara ruwa. Matan kan katanga suka ce sun kau da kai, amma babu wadda ta sauka.

"A hankali mana!"

"Yi shiru, ragunan ma ba su yi ƙorafi ba. Af! Tsaya, mene ne wannan?"

Mai aski ya lanƙwasa kunnen Dokta. A bayan kunnen ga wata kaska nan ta kafa kai, ta fara ƙoshi, ƙafafunta na motsi lafiya lau. Likitar ta cire ta da ɗan hantsaki, ta buɗe kunnen 'Yar Gata ta nuna wa jama'a. Na nan ma suna nan daram.

"Kun gani? Idan ana ba su magani kaɗan-kaɗan, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin su rayu su hayayyafa. Bayan shekara biyu duk 'ya'yan masu taurin ne, maganin ba ya yi musu komai. Ƙara ƙarfi ko haɗe-haɗe ba ya kashe su, dabbar yake kashewa da mai ita. Canza iri ake yi, da ma'auni, bayan an duba. Ruwan duron nan kuma kada wanda ya zubar a kwata, zan faɗa muku yadda za a yi da shi."

"Ashe makaranta ka buɗe musu, Dokta," in ji Mai aski. "Shekara biyu, sun gama sun karɓi takarda."

Dokta ya buɗe baki zai rama, sai ya ga jama'a na darewa. Matarsa ce ta dawo. Ta tsaya da jakarta a hannu, ta dubi duro, ta dubi mijinta a kan benci kumfa har ka, ta dubi 'Yar Gata a kwance a jiƙe. Ta wuce shi ta durƙusa, ta ɗora kan akuyar a cinyarta.

"Za ta tashi?" ta tambayi likitar.

"Na yi abin da zan iya, Mama. Nan da awa biyu za mu sani. Zan zauna da ita."

Motar Makanike ta yi tari ta tashi. Aka naɗe Dokta a zani aka kwantar da shi a kujerar baya, likitar ta ce a tafi da takardun nan a nuna a asibiti, kuma lallai wani ya zauna kusa da shi ya riƙe masa kai. Mai aski ya ce shi zai je. Matar ba ta ɗago ba, hannunta na kan goshin akuyar. Dokta na hango ta ta tagar mota, bai ga laifinta ba ko kaɗan, ya rufe ido. Sai ya ji an buɗe ƙofa, an ɗaga kansa an ɗora a cinya. Ƙamshin mayafinta ne.

A asibiti aka karanta takardun, aka yi masa allurai, aka rataya masa ƙarin ruwa. Har la'asar matar na zaune a kan kujerar roba, wayarta a hannu, tana jiran labarin akuyar. Can wayar ta yi ƙara. Mai aski ne, wanda ya tsaya wajen akuyar, muryarsa har gadon Dokta.

"Ta tashi! Wallahi ta miƙe, ga ta nan tana neman cinye min igiyar benci! Ragunan ma sun warware."

Matar ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta mai isarta. Dokta ya jira har ta share ido, sannan ya yi gyaran murya, a hankali, ba irin ta ƙofar gida ba.

"Maman yara, na yi miki laifi."

"Ka yi."

"Na ɗauka wajenta za ki zauna. Me ya sa kika biyo ni?"

Ta gyara masa zanin da ya zame daga kafaɗarsa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ita na bar ta a hannun wadda ta san aikinta. Kai kuwa in na bar ka, a hannunka zan bar ka."